Dutsen da Keziah Ta Gina a Kwaciri

"To idan gajimare a ƙarƙashinku yake, ruwan sama kuma daga ina yake zubo muku?" in ji Hajiya Ummakulsum, tana gyara zama a kan tabarma.

"Hajiya, ban ce kullum ba," in ji Keziah. "Da sassafe ne, a tsakiyar damina. Ki fito ƙofar ɗaki, ki ga abin fari fat ya kwanta a kwari kamar an baza auduga. Ba kya ganin hanya, ba kya ganin kasuwa. Sai dai ki ji carar zakarun mutanen ƙasa tana tasowa ta cikinsa."

"Allah mai iko! Amma mu ma muna da Dala, Maman Lucia. Kada ki raina mana."

"Wa ya isa ya raina Dala? Sai dai a garinmu irinsa akuya ke hawa ta sha hantsi."

Hajiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta huce sai ta dubi maƙwabciyarta ta gefen ido.

"Na san inda labarin nan naki ya dosa. Ikrama ya riga ya yi magana da birkila. Ran Asabar za su zo."

Keziah ta ci gaba da tace gasarar kununta.

Shekaru da dama ke nan tana haya a gidan Hajiya a Kwaciri. A bayan ɗakinta akwai ɗan fili ƙarƙashin darbejiya, shi ne Ikrama, ɗan Hajiya, yake so ya gina sito a kai. Yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, kaya sun fi ƙarfin shagonsa. Filin nasu ne, ba mai musu. Abin da ke kai ne ba nasu ba: wani tudu da bai wuce ƙirjin mutum ba, an gina shi hawa-hawa da duwatsu da guntayen bulo, ko wane hawa cike da ƙasa baƙa, ganyen citta ya rufe shi kore shar. Duk unguwar suna kiransa Dutsen Maman Lucia.

An haifi Keziah a Kurmin Tsauni, can cikin duwatsun kudancin Kaduna. Ƙauye ne da gidajensa suka warwatsu a jikin dutse kamar an watsa su da hannu, gida nan, gida can, sai mutum ya ɗaga murya kafin maƙwabcinsa ya ji. Babu gona shimfiɗaɗɗa ko ɗaya. Kakanni ne suka tsinci duwatsu suka yi wa tsaunin matakala tun daga gindi har kusa da ƙololuwa, don kada ruwa ya gudu da ƙasa. A sama ake shuka acca, a tsakiya citta, a kwari gwaza da doya. A can yaro kafin ya iya riƙe fartanya ya san abu ɗaya: in ka ga dutse a yashe, ɗauka ka ɗora a kan bango. Ba a wuce shi.

Citta ce ke riƙe da garin. Ita ke sa kwano a rufin ɗaki, ita ke kai yaro makaranta, ita ke sayen babur. Da kaka, in an haƙe an tsaga, sai a baza ta a kan falalen duwatsu, tsaunin gaba ɗaya ya koma ruwan ɗorawa, ƙamshi ya riga manyan motoci sauka zuwa Kafanchan. Keziah takan ce ko makaho aka kawo a wannan lokacin zai san inda yake.

A al'adar gidansu, ranar da yarinya za ta tafi gidan miji, uba kan ƙulle mata irin citta a tsumma. Nata uban ya ba ta na cittar da ake kira yatsun biri, ƙanana masu tsananin yaji, waɗanda ya gada daga nasa uban. Mijinta Alfred ma'aikaci ne a Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano. Ranar da ya kawo ta, ta tsaya a ƙofar tasha tana waige-waige, ta rasa inda za ta jingina idonta. Ƙasa ta miƙe ko'ina, babu abin da ya tare sama. Ta ce masa jiri take ji.

Da damina ta matso, maimakon ta tona rami ta binne irinta kamar yadda kowa zai yi, sai ta shiga tsintar duwatsu. In ta dawo daga coci a Sabon Gari, da dutse a jaka. In ta dawo daga kasuwa, da guntun bulo a kai.

"Keziah, nan ƙasa kamar faranti take," in ji Alfred. "Me za ki tare? Ina ƙasar za ta gudu?"

Ita dai ba ta taɓa ganin gona ba matakala ba. Tunda babu dutsen da za ta yi wa bango, sai ta fara gina dutsen tukuna. Ta tara ƙasa da takin tumakin Hajiya, ta yi hawa na farko, ta ɗora na biyu. Aka yi ta dariya a unguwa. Amma a watan Agusta, in kwata ta cika ruwa ya kwanta a tsakar gida, cittar na can sama ƙafarta a bushe, ita kuwa citta ba abin da ta ƙi kamar kwantaccen ruwa. Shekara bayan shekara tana haƙewa, ta sa kaɗan a kunu, ta mai da sauran ƙasa. Alfred ya rasu, 'yarsu Lucia ta yi aure a Zariya, Keziah ta koma sayar da kunun zaki a bakin tasha. Dutsen yana nan, yana ƙara tsawo.

Sai bana labari ya zo ta waya: cuta ta shiga citta a gida. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in an tona sai ruɓa da wari. Ba gona ɗaya ba, ba tsauni ɗaya ba. Wanda ya yi asarar amfani zai iya haƙuri, amma har irin da za a shuka baɗi ya tafi. Keziah ta fita bayan ɗaki ta tsaya tana kallon tudunta. Iyakar saninta, nan ne kaɗai irin ubanta ya saura a duniya.

Matsalar ita ce citta ba ta zama iri sai ta ƙosa, sai ganyenta ya bushe ya kwanta don kansa, can bayan ɗaukewar ruwa. In aka tono ta yanzu, ɗanya ce, sai dai a dafa.

Ta faɗa wa Ikrama. Ya saurara da ladabi, har da rusunawa.

"Mama, wallahi ba don in ɓata miki rai ba ne. Kaya na hanya, ba ni da inda zan sa su. A tone, ni zan sayo miki citta buhu guda a Kasuwar Sabon Gari."

"Ɗana, ta kasuwa an tsaga ta, an shanya. Ta mutu."

"To a juye a bokitai mana."

"In ka taɓa saiwarta yanzu, ta gama."

Ya sosa ƙeya ya tafi. A wurinsa, da ma a wurin Hajiya, citta abin yajin shayi ce. Sun ji tausayi, amma ba su ga abin da take gani ba.

Ran Asabar da hantsi, birkila ya iso da diga da shebur, Ikrama na biye da shi. Ba su kai ga shiga ba sai ga adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo ramamme ya sauko da 'yar jaka. Cyprian ne, ƙanen Keziah, wanda ke noma gonar ubansu. Bai taɓa zuwa Kano ba.

"Yaya," in ji shi bayan sun gaisa, "aiki na zo nema. Ko gadi ne. Samari duk sun sauka, wasu Abuja, wasu Kaduna. In kika je coci yanzu sai tsofaffi da jikoki. Ni ma na rufe ɗaki."

"Ka sha ruwa tukuna," in ji ta. "A'a, bari. Zo ka ga wani abu."

Ta ja shi ta lungun da ke zagayawa bayan ɗaki. Hajiya ta taso da sandarta ta bi su, don ba ta son a yi abu a gidanta ba ta gani ba.

Cyprian na karya kwana ya tsaya cak. Jakar ta sulale daga hannunsa ta faɗi. Iska na kaɗa ganyen, hawa bisa hawa, kore kamar an wanke, babu ɗigon rawaya ko ɗaya.

"Na Baba ne?" ya tambaya da ƙyar.

"Na Baba ne. Wanda ya ƙulle min."

Ta kama hannunsa za ta matsar da shi, sai ya fizge ya ja da baya kamar ya ga wuta.

"Kada ki bari in matso, Yaya! Ƙasar gida na jikin takalmina. Jiya da safe ina cikin gona."

Ya koma har ƙofar gida da baya-baya. Ya cire takalman ya jefa su waje can bakin kwata. Ya roƙi sabulu, ya tsuguna a bakin famfo ya wanke ƙafafunsa har gwiwa, ya wanke hannuwa, ya goge ƙarƙashin farce da tsinke, ya sake wankewa. Rigarsa ta sama ma ya tuɓe ta. Duk da haka da ya dawo bai taɓa ko ganye ɗaya ba. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya ɗora hannuwa a kan cinya, hawaye na bin gemunsa.

"Dubi bangon," yake cewa a hankali. "Babba a ƙasa, ƙarami a baki, ga hanyar ruwa ta gefe. Hannun Baba ne sak. Yaya, a tsakiyar Kano?"

Ikrama da birkila sun riga sun biyo su wurin. Birkila ya sauke digarsa daga kafaɗa ya jingina ta da bango.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. Ta daɗe tana kallon ƙafafun mutumin. "Ni tunda nake, ban taɓa ganin an tuɓe wa ganye takalmi ba. Bawan Allah, wannan ɗan abin zai ishe ku?"

"Hajiya, ba zai cika gona ba. Amma in na kai shi can sama, inda ba a taɓa shuka citta ba, baɗi ya ninka. In ya ninka in raba wa gida biyu, su ma su raba. Haka kakanninmu suka fara."

"Su samarin za su dawo?"

"In suka ji ƙamshi a kan duwatsu, za su dawo."

Hajiya ta matsa da sandarta har gindin tudun. Ta dubi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, waɗanda shekara da shekaru take ganin ana shigo da su tana dariya. Sannan ta juya.

"Ikrama."

"Na'am, Hajiya."

"Atamfar taka tana ruɓewa?"

"Ba ta ruɓewa, amma Hajiya, ina zan..."

"Falona. A fitar da kujerun, a jera dilolin har rufi."

"Ke kuma ki karɓi baƙi a ina?"

"A tsakar gida, kamar yadda uwata ta yi. Wanda ya zo don kujera ya koma gidansu." Ta nuna Keziah da sanda. "Ke kuma, Maman Lucia, ran da ganyen nan ya kwanta, ki haƙe. Washegari diga za ta hau. Ban ce na bar miki ba."

"Na ji, Hajiya. Na gode. Allah ya saka da alheri."

"Kuma ki ajiye min ɗan na shayi. Kada a kwashe duka a kai wa masu kwana a kan gajimare."

Ikrama ya yi ajiyar zuciya, ya yi murmushi, ya ja birkila gefe yana ba shi haƙuri. Ya leƙa ɗakinsa ya fito wa Cyprian da silifa.

Keziah ta tsaya ita kaɗai a gaban dutsenta. Ta san kwanansa ya ƙare, bayan kaka bulo da siminti za su zauna a wurin. Ta yi mamakin yadda abin bai yi mata zafi kamar yadda ta zata ba. Tunaninta ya riga ya tafi can, ga wata matakala kusa da ƙololuwa, da safe, da farin abin nan kwance a ƙasa.

"Ni zan kai shi da kaina," ta ce wa ƙanenta. "Ba zan ba direba ba."

"Gwiwarki za ta iya hawan, Yaya?"

"Kai dai zauna ka yi gadin da ka zo nema. Tumakin Hajiya ba su da kunya."

Rana ta riga ta ɗaga, masu aikin tasha na jiran kunu. Ta naɗa gammo, Cyprian ya taya ta ɗora kular kunun, ta fita. A bakin hanya, kusa da inda masu adaidaita sahu ke tsayawa, ta hangi wani dutse a yashe, daidai tafin hannu. Ta riƙe kular da hannu ɗaya, ta rusuna a hankali ta ɗauka, ta jefa shi a jaka, ta nufi tasha.