Tarihin Malama Hansai Mai Ƙwarya Uku

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Hansai a garin Kafur a shekarar 1951. Mahaifinta, Malam Ɗanasabe, manomin dawa ne, sunan mahaifiyarta Tsohuwa. Tun tana ƙarama ita ke riƙe wa mahaifinta ƙwarya ranar fid da zakka, duk dami goma da aka ƙirga ta jefa tsakuwa ɗaya. Ta yi firamare a Malumfashi daga 1958 zuwa 1964, ba ta samu wucewa gaba ba.

Aure

A 1968 ta auri Malam Aƙilu tela, suka zauna a wani ƙauye kusa da Ƙarfi.

Aiki

A 1976, da aka buɗe karatun firamare kyauta, aka ɗauke ta malamar wucin gadi a makarantar ƙauyen, aka ba ta yara sittin da takwas. Shekara ta zagayo yaran suna rubuta ashirin da biyar a matsayin 205, wato ashirin sannan biyar, yadda baki ke faɗa. Mai unguwa Maiwada ya sanar da cewa da kaka iyaye za su mayar da 'ya'yansu ɗibar auduga, abin da zai rufe ajin, ya raba ta da aikinta.

Sai ta jera ƙwarya uku a gaban allo: ta dama ta ɗaiɗai, ta tsakiya ta goma-goma, ta hagu ta ɗari-ɗari. Dokarta guda ce: tsakuwa goma ba sa zama a ƙwarya ɗaya, sai a kwashe su a jefa guda a ta hagunta.

A watan Nuwamba 1977 ta kai ajin gonar Maiwada suka ƙirga masa damin dawa. Aka tashi da tsakuwa ɗaya a hagu, bakwai a dama, ta tsakiya fanko, ɗalibarta Ebele, 'yar mai shago, ta rubuta 107 a ƙasa. Maiwada ya ce a ɗauke ƙwaryar da ke fanko, tunda ba ta da amfani. Malama Hansai ta ce, "Baba, in aka ɗauke ta, daminka goma sha bakwai ne. Ka yarda?" Ya yi dariya, ya ce kada wanda ya taɓa masa ƙwarya. Ba a cire yaro ko ɗaya ba. Washegari ma ya kawo jikokinsa huɗu.

Shekarun Baya

Ta samu shaidar malanta mai daraja ta biyu a 1983, kuma daga nan zuwa 1988 ta koyar da malaman Funtua da Malumfashi wannan hanya a lokutan hutu.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 9 ga Maris 1989 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka yi mata sutura a ƙauyen kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Abubakar, Shafa'atu da Inna. Har yau a makarantar, idan yaro ya manta sifili, ce masa ake yi ya mayar wa Maiwada ƙwaryarsa.