Ranar da Goggo Ta Zama Kayan Tarihi

Ko na manta da komai na shekarun fari, ba zan taɓa manta ranar da goggota ta zama kayan tarihi ba.

Lokacin soja ke mulki, ni kuma ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Rannan kwamanda ya ce gari kamar namu bai kamata ya rasa gidan tarihi ba. Aka share wani tsohon aji, aka umarci kowane ƙauye ya aiko da tsohon abu. Ni aka ɗora wa kula da ɗakin, ba don na san tarihi ba, don dai ajina ne ya fi kusa.

Maigarinmu na wajen Maijirgi ya duba ya rasa abin aikowa, don yunwa ta sa an sayar da duk wani takobi da sirdi. Sai ya sa aka ɗauko dutsen niƙan goggo tana daji neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Ga dawar taimakon da ake rabawa tauri kamar tsakuwa, injin niƙa ba mai, jikoki kuma na jiran tuwo.

Ranar buɗe gidan, ina cikin goge wata tsohuwar garkuwa, sai ga goggo a amalanken jaki da ƙwaryar dawa. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta tsallake igiyar da na ɗaura don kange kayan, ta durƙusa gaban dutsenta ta hau niƙa. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na ce sojoji na hanya, aikina zai tafi. Ta ce in matsa, ina tare mata haske.

A haka kwamanda ya shigo da baƙinsa. Ya tsaya ya dube ta, sai ya juya ga baƙin yana hura hanci, yana bayani da Faransanci wai haka kakanninmu ke niƙa a zamanin da. Aka yi ta tafi. Har ya yaba mini da dabarar kawo tsohuwa, ni kuwa na haɗiye yabon. Sannan ya ba da umarni ta riƙa zuwa kullum.

Goggo ta ɗago kai. "Ɗana, mi ya ce?"

Na fassara mata.

"Gaya mishi na yarda. Amma dawata ta ƙare, shi za ya riƙa kawo ta zamanin da ɗin, garin kuma nawa ne."

Na fassara da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Kwamanda ya dubi baƙi, baƙi suka dube shi, ba halin ƙi.

Haka goggo ta yi ta niƙe dawar gwamnati tana aika wa jikoki gari, har aka ga tarihin ya fara tsada. Aka mayar mata da dutsenta har ƙofar gida a motar soja, ita tana zaune gaba.

Tun ranar na koyi cewa kafin ka kira abu kayan tarihi, ka fara tambaya ko akwai mai cin tuwo da shi.