Ranar da Muka Ja Layi a Littafin Maigida

Maigidana mai gyaran rediyo ne a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki, kuma yana da wata ɗabi'a da maƙwabta ke tsokanarsa a kanta. Kullum bayan la'asar sai ya hau rufin gida, ya kamo wata tashar Hausa a gajeren zango, ya rubuta kwanan wata da ƙarfin muryar a wani littafi, daga ɗaya zuwa biyar. Ya ce can sama akwai iskar da ke haɗiye muryar rediyo da rana. Farin wata kuma yana jan iskar nan kamar yadda yake jan tekun Jidda, sai haɗiyar ta ƙaru ko ta ragu kaɗan. So yake ya tabbatar da kunnensa.

Shekarar da muka koma unguwar Zahir ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Da bakinsa ya buɗe, abin da ya fara roƙona shi ne, "Hajiya, kada littafin nan ya yanke."

Na riƙa hawa da rediyon da kwandon shanya. In na sauko ya ce, "Nawa yau?" In na ce uku, ya ce, "Kunnenki dai na tsegumi ne, huɗu ce."

Ran nan na murɗa, babu komai sai shuu. Washegari ma haka. Maƙwabciyata 'yar Maraɗi ta ce ai tashar ta bar gajeren zango, ta koma wayoyin hannu. Na kasa faɗa masa. Ƙarya kuma ba zan yi ba. Sai nake rubuta "shiru", tunda gaskiya ce, in sauko in ce masa yau ma shiru, in shige kicin da sauri.

Wata ya cika, ya rame, sabo ya tsaya. Ina goge masa ƙafa da ruwan ɗumi ya ce, "Hajiya, wata ba ya riƙe murya kwana talatin. Sun rufe ko?"

Na gyaɗa kai, hawaye na ɗiga cikin kwanon.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji shi. "Saura kaɗan in gane." Can ya ce, "Halas, ya ƙare. Ɗauko littafin, ki ja layi a ƙasa."

Na ɗauko, amma hannuna ya ƙi. Ya ɗora nasa na hagu a kan nawa, muka ja tare. Layin ya fito a karkace.