Ruwan da na datse wa Idi

Ni ne na yi kuskure, ƙanena Idi ne ke da gaskiya. Bana shekara tara da rasuwarsa, sai yanzu bakina ya iya faɗin haka.

Idi ya daɗe yana cin rani a bakin teku, cikin jiragen masunta. Da ya dawo ƙauyenmu a yankin Keita, cikin ƙasar Adar, sai ya kama sana'ar su a tabkinmu, da ita yake ciyar da iyalinsa. Ni kuwa albasa nake nomawa kusa da koramar da ke zuba cikin tabkin. Wata damina na tara duwatsu na datse koramar, na karkata ruwan zuwa garkata.

Idi ya same ni cikin laka, ya ce, "Yaya, kak ka datse ruwan ga. Can teku, inda ruwa ka murɗawa nan aka samun kihi. Murɗawar ita ka taso da abincin da ya kwanta ƙasa, ƙananan halittun da ido bai gani su ci, kihi shi ci su. Tabkin ga ma haka na."

Na yi dariya a gaban mutane, na ce, "Malam Teku, nan Adar muke." Sunan ya bi shi har kasuwa.

Damina biyu ruwan tabkin yana tsaye, yana janyewa. Ya soma wari, kifaye suka taso ciki sama. Idi bai zage ni ba. Ya naɗe tarunsa ya koma teku. Jirginsu ya kife, ko gawarsa ba mu gani ba.

Yau idan na ga kifin kwali mai ƙanƙara a kasuwar Madawa, nakan tambayi kaina me zai ce. Abin da ya bari shi ne maganar nan tasa, da 'ya'ya uku da ba su san ɗanɗanon kifin garinsu ba.

Da ruwan farko na bana na kwashe duwatsun da hannuna. Korama ta shiga tabki, na tsaya ina kallon ruwa yana murɗawa. Ban sani ba ko kifi zai dawo. Daga nan na wuce gidan matarsa Hadiza, na durƙusa a bakin ƙofa da lakar a jikina, na ce:

"Hadiza, ni na kore shi zuwa teku. Ya gaya mini, na ƙi ji. Ki yahe mini."