Ranar da Na Kashe Madam a Gaban Mijinta

Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa motar wani ƙaramin asibitin ido, ban taɓa goga ta da ko katanga ba. Wannan ne kaɗai abin alfahari a labarin nan, shi ya sa na fara da shi.

Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Turancina na kan titi ne: hagu, dama, tsaya, mai ya ƙare. Da shi na aurar da 'ya'ya biyu. Sai aka kawo mana sabuwar shugaba, wata Baturiya doguwa mai furfura, muna ce mata Madam. Gaba take zama, kusa da ni, kuma bakinta ba ya hutawa. Kalmominta na san su ɗaya-ɗaya, amma in ta haɗa su sai in rasa inda ta dosa. Ran nan ana tsuga ruwa ta leƙa taga ta ce ana ruwan kyanwowi da karnuka. Na rage gudu, na duba sama, na duba kwalta. Ni dai ruwa na gani.

Na kai kukana wurin sakataren ofis. Ya ce, "Baba direba, salon maganarsu ne. Abin da suka faɗa daban, abin da suke nufi daban." Ya ciro wani littafi ya yi mini fotokofin shafi biyu, ɗaya na maganganun, ɗaya na ma'anoninsu cikin sauƙin Turanci. Na jera su gefe da gefe, kai da kai, na manne da salatif. Ban lura injin ya yanke layin farko na shafin ma'ana ba. Kowace magana ta auri mijin maƙwabciyarta, kuma ni na ɗaura auren.

Aikin direba rabinsa jira ne. A inuwar gareji, a bakin banki, a ƙofar ma'aikata, sai in ciro takardar daga aljihun mota, in gyara tabarau, in yi ta bita kamar mai shirin jarrabawa. Cikin wata uku na haddace arba'in. Uwar yarana ta ce, "Malam, tun da ka kama Turancin nan, ko ruwa za ka nema sai ka yi gyaran murya."

Na fara gwadawa a kan Madam. A takardata, jan ƙafar mutum taimakonsa ne. Ranar da ta duba idon surukata, na rusuna na ce na gode da yadda take jan ƙafata kullum. Ta yi dariya har da dukan cinya. Zubar da wake kuwa, a wurina, fushi ne. Da wani mai babur ya sha gabanmu na ce mata ta yi haƙuri, saura kaɗan in zubar da wake. Ta sake fashewa. Na ɗauka daɗin jin harshenta a bakin direba ne. Shekara bakwai muka yi a haka.

Da lokacin ritayarta ya zo, aka shirya walima a ɗakin jiran marasa lafiya. Aka jera bencina, aka kawo lemon kwalba, mijinta ya zauna a gefenta da sandarsa. Ba wanda ya sa ni cikin masu jawabi. Ni na je na roƙa. Na sa sabuwar riga, na zo da autata mai karatun aikin jinya, don ta ga yadda ubanta yake wasa da Turanci.

A takardata, shure bokiti shi ne ajiye aiki bayan doguwar hidima. Na miƙe na ce, da Turanci, mun taru yau cikin murna saboda Madam ta shure bokiti. Na ce ta cancanta, ta daɗe tana jiran wannan rana, mu ma haka. Na juya wurin mijinta na ce yanzu shi ma zai huta.

Tsohon ya ƙware da lemo. Sakatare ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Madam ta cire tabarau tana share hawaye. Na koma mazaunina ina jin na taɓa zukata.

Sai da muka fito bakin ƙofa autata ta ce, "Baba, ka san abin da ka ce?"

"Ni da na haddace shi?"

"Cewa ka yi ta mutu. Kuma kuna murna."

Na ciro takardar don in kunyata ta. Ta bi layi biyu da yatsa, ta ɓanɓare salatif ɗin, ta zame shafi ɗaya ƙasa kaɗan, ta miƙo mini. Na tsaya a rana na karanta duka arba'in ɗin. Jan ƙafa zolaya ce. Zubar da wake tona asiri ne. Na tuno abin da na taɓa gaya wa wani babban baƙo a mota, gumi ya karyo mini.

Bayan kwana biyu na kai Madam filin jirgi.  A rabin hanya na gaya mata gaskiya, da injin, da salatif, da komai.

 Ta ce duk shekarun nan ta ɗauka da gangan nake yi, har ta sha rubuta wa ƙanwarta cewa direbanta ya fi kowa iya barkwanci a ƙasar.

Na ce, "Madam, to kada ki gaya wa ƙanwar."

Ta ce ba za ta faɗa ba. Na sauke mata akwatuna uku, ta kama hannuna da hannu biyu, ta shige. Da na dawo asibiti na tarar masu shara har sun raɗa mini suna, Baba Bokiti. Jikokina ma da shi suka san ni, sun ɗauka sayar da bokiti ne sana'ar da na yi.