Kwana Bakwai na Don Nemesio

"Ba inda za ni, Griselda!"

"Papa, basillar ma rawa take a hannunka. Ranar Asabar za mu tafi birni, ɗakinka na can a share."

Ni Chon mai wainar masara ba laɓe nake musu ba, bangon ne ba shi da kauri. Shekara arba'in da ɗaya bangon nan ne tsakanina da Don Nemesio Barillas, badukun da duk garinmu Taxisco ya sani, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa sannu da aiki. To yau ni zan ce, tun 'yarsa ba ta ɗauke mana shi ba.

Kullum kafin kofina ya tafasa ya buɗe shago, ya jiƙa fata, ya goga wa zare kaki. Sirdi ya bar wa maƙwabta. Shi kuben ƙaramar bindiga yake ɗinkawa, irin mai kwanciya luf a ƙarƙashin riga. Kuma sai ya auna mutum. Zauna, tashi, sunkuya ka ɗauki buhu. Na mai tumbi daban, na bahago daban. Doña Herminia, mai kai cuku ta hanyar da 'yan fashi suka addaba, a ƙarƙashin hammata ya yi mata nata, saboda a ƙugu take saɓa jikanta.

Dokarsa ɗaya ce: daga awo zuwa karɓa, kwana bakwai. Wai fata ce ke bushewa. Fatar da rana biyu ta ishe ta! Ya taɓa ce mini, "Zuciya nake jira ta huce, Doña Chon." Na ga ranar da wani makiyayi, Rigoberto, ya shigo ido jajur, shanunsa sun ɓata, ya rantse ƙaninsa ne ya sace su. Ya roƙa a ɗinka masa kube a ranar, ya buga tebur. Tsohon ya ce kwana bakwai. A rana ta biyar shanun suka fito daga kwazazzabo da ƙafarsu. Har yau tare 'yan'uwan nan ke zuwa coci.

Kai ne, Nemesio, mai ɗinkin da bai san gaggawa ba. Ka raba faɗan da alƙali bai ma ji labarinsa ba. Mun gode. Ku kuma samarin dukawa masu yanka wa kowa kube iri ɗaya, ku zo ku kalli hannun nan tun yana garin.

Sai dai ni, wa zai riƙa yi mini tari ta bango da safe? Shekara talatin ke nan, bayan rasuwar mijina, na kai masa bindigar marigayin ya auna ni. Sau uku na koma, wai kuben ya matse ni. Bindigar kuwa tun a makon na ba ƙanin mijina.

Na wanke ƙullu a hannuna, na ciro kuben, na zagaya shagonsa.

"Don Nemesio, abin nan ya matse ni."

Griselda ta fizge ta leƙa. "Doña Chon! Matajin kai ne fa a ciki!"

"Ke 'yar nan, ina ruwanki da makamina?"

Tsohon bai yi dariya ba. Ya lalubo igiyar awo, ya zagaya ƙuguna da ita a hankali.

"Gaskiyarta. Ƙugun ya canja. Sai sabo."

"Papa, Asabar fa jibi ce!"

"Kwana bakwai, 'yata." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ita kuma wannan, sau uku take dawowa."

Griselda ta kalle shi, ta kalle ni, ta suri jakarta. Yadda ta banko ƙofar nan, sai da basilla ta gangaro daga tebur.