Kibiyar Malam Kimba

Duk wanda ya taɓa yankar kati a ƙaramin asibitin Hajiya Zuwaira da ke Illo ya san Malam Kimba. Shekara goma sha ɗaya yana bakin tagar nan, yana shigar da sunayen marasa lafiya a kwamfuta, na wannan ƙetare da na Benin, ya yi wa wannan Dendi, ya yi wa wancan Hausa. Ga tsokana. In ka ce ciwon ciki, sai ya ce kifin kogin Kwara ne ka ci ka hana maƙwabta.

Abin da ba wanda ya sani, yanar ido ta fara rufe masa gani. Mutane yana ganinsu dishi-dishi, amma 'yar kibiyar da ke yawo a allo ta ɓace masa ɗungum. Tsoro ya kama shi, don in aikin nan ya tafi, ba shi da wani.

Da yake ya ɗan taɓa koyon rubuta manhaja, tun idon bai gama lalacewa ba ya haɗa wata 'yar ƙarama. Ya kai kibiyar kowane gurbi, manhajar ta karanto inda take, kaza daga hagu, kaza daga sama, ta adana. Daga nan in ya danna maɓalli, kibiyar ta tafi gurbin suna da kanta. Ya danna wani, ta koma na gari. Haka ya yi ta sha.

Sai ga Hajiya da abin arziki, ta sayo masa sabon allo, faffaɗa. Kai, ranar godiyar ma da ƙyar ta fito. Lissafin na tsohon allo ne, a sabon kuwa kibiyar sai ta sauka gefe, shi bai sani ba.

Da hantsi nas Raudatu ta fito da katin wata mata a hannu. Maganin da jikin matar ba ya ɗauka ya faɗa gurbin gari, gurbin gargaɗi kuwa fayau. Saura ƙiris ta yi mata allurarsa.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora yatsa a allon ta ce, "Malam, kuskure na kowa ne. Kawo kibiyar nan ka gyara."

Ya kama linzamin kwamfutar, ya zagaya, ya sake zagayawa. Can ya janye hannunsa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Shekara biyu ke nan rabona da ganinta."